Tantin Mutum Biyu a Dajin da Mota Ba Ta Shiga

A shekarar 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta keɓe wasu dazuzzukan Amurka, ta hana shiga cikinsu da mota ko babur, kai har ma da keke. Ba a hana farauta a yawancinsu ba, sai dai mutum ya taka da ƙafarsa ko ya hau doki. Dajin Bob Marshall na jihar Montana ya haura eka miliyan ɗaya, na Frank Church da ke Idaho kuwa ya zarce miliyan biyu. Irin waɗannan ne maharba ke kutsawa a watan Satumba da kwari da baka, suna bin sawun elk, wata ƙatuwar barewa da namijinta kan kai kilo 300. Abincin mako guda da makwanci duk a goye suke, kuma in an yi sa'a, da bayan nan ne za a fito da naman, sawu bayan sawu.

Shi ya sa maharbin can yake auna kayansa a sikeli kafin ya fita, kuma kamfanoni suka dage wajen rage nauyin tanti. Akwai na mutum biyu da bai kai kilo ɗaya ba. A ganina nan ne mutane da yawa ke zurmawa, domin duk nauyin da aka rage, wani abu aka cire: kaurin yadi, ƙarfin sanda, ko girman zif. Mai yawon shan iska yana bin hanyar da aka share, in gari ya ɓaci ya juya. Maharbi kuwa inda dabba take nan zai yada zango, ko kan tsakuwa ne, ko gefen tsaunin da iska ke kaɗawa dare da rana, ga dusar ƙanƙara da kan sauka a tsaunukan Rocky tun Satumba ba ta ƙare ba. Tunda tantin na mutum biyu ne, ɗaya ya ɗauki rufin, ɗaya ya ɗauki sanduna da turaku, tanti mai kilo biyu da rabi bai fi ƙarfin kowa ba.

Yadin shi ne abin dubawa na farko. Ana auna kaurin zarensa da ma'aunin deniya, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Tantuna marasa nauyi kan zo da deniya 10 ko 15, masu ƙwari kuma 30 zuwa 40 a rufi, shimfiɗar ƙasa ta kai 70. Amma kauri kaɗai ba ya yanke hukunci, abin da aka shafe yadin da shi ma yana da tasa rawar. Nailan da aka shafe da silikon ciki da waje ya fi wuyar yagewa a kan wanda aka shafe da foliyuritan, saboda silikon na barin zaruruwan su zame su haɗu wuri guda su tare yagar, shi kuwa ɗayan daskarar da su yake yi, sai su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Hilleberg na Suwidin, wanda Bo Hilleberg ya kafa a 1971, da wannan ma'aunin yake sa wa yadinsa suna: Kerlon 1200 sai an ja shi da ƙarfin kilo 12 kafin yaga ta ci gaba, Kerlon 1800 kuma kilo 18. Lambar da masu talla suka fi ɗagawa ita ce ta hana ruwa, milimita 1,500 ko 3,000 ko fiye. Tana da amfani, musamman a ƙasa inda gwiwa ke danne jiƙaƙƙen wuri, amma ba ta gaya maka abin da zai faru idan reshe ya soki rufin cikin guguwa.

Nailan na da aibinsa: yana shan ruwa ya saki, sai mutum ya fito cikin dare ya sake ɗaure igiyoyi. Foliyesta ba ta sakin jiki haka, kuma ta fi jure rana. Akwai kuma yadin Dyneema, wanda asalinsa filafilan jirgin ruwan tsere ne da ya ci gasar Kofin Amurka a 1992. Ba ya shan ruwa, ba ya miƙewa, ba shi da nauyi, amma gogayya da dutse na cinye shi, ga tsadar tsiya. Mai zuwa farautar tumakin dutse a Alaska, wadda ake buɗewa 10 ga Agusta, yana da hujjar sayensa. Sauran mutane su yi lissafi tukuna.

Sanduna kuwa ba su da dogon zance. A nemi na alminiyam, irin na kamfanin DAC na Koriya ta Kudu ko Easton na Amurka, domin lanƙwasawa suke yi kafin su karye. Na faibagilas tsagewa suke yi su huda rufin.

Siffar tantin ta fi jawo gardama. Mai ƙubba, wanda sandunansa ke gicciye, yana tsayawa da kansa ko a kan fa ne, kuma yana ɗaukar nauyin ƙanƙara. Mai siffar bututu ya fi fili da sauƙin nauyi, yana kuma jure iska in an juya masa ƙeya gare ta, amma ransa na ga turaku: turke ɗaya ya tumɓuke, gini ya kwanta. Abin da zan dage a kai shi ne tantin da ake kafa rufinsa da ɗakin cikinsa tare, domin wanda ya dawo zango da magariba ana tsuga ruwa ba zai so ya shimfiɗa ɗakin kwana a fili yana laluben rufi ba.

Kalmar "na mutum biyu" ma a yi hattara da ita. Faɗin da yawansu bai wuce santimita 130 ba, katifar tafiya mai faɗi kuwa 64 ce, ka ga biyu sun cinye wurin. Ina za a sa jakunkuna, da jiƙaƙƙun takalma, da baka? Ƙofa biyu da zaure biyu sun fi duk wani ƙawa amfani, ko don kada mai fita fitsari ya tsallake abokinsa. A duba tagogin iska ma, saboda numfashin mutum biyu kan taru a jikin rufi ya zama raɓa, ya ɗigo a kan bargo. Nama da abinci ba su kwana a ciki ko kusa, sai a rataye su can nesa, don yankin can na beyar ne.

Wasu maharban sun bar duk wannan sun koma dogon tanti mai tsini marar shimfiɗa, irin na kamfanonin Kifaru da Seek Outside, wanda ake sa wa ƙaramin murhun itace mai bututun hayaƙi. A Oktoba da Nuwamba, samun inda za a busar da tufafi ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tartsatsi na huda nailan, kuma wuta a rufaffen wuri na fitar da iskar da ke kashe mai barci ba tare da wari ba.

Abin da ke fara mutuwa a tanti galibi zif ne. Yashi ne ke shiga tsakanin haƙora ya cinye kan zif ɗin, har ya riƙa wucewa yana barin baki buɗe. Matse shi kaɗan da filaya kan ceci tafiyar, amma gyaran gaske sai an sa sabon kai. Duk wanda zai kafa irin wannan tanti a dazukanmu lokacin hunturu, ƙura da ƙaya da zafin rana su ne abokan gabarsa, ba ruwa ba, don haka zif mai manyan haƙora da shimfiɗa mai kauri sun fi masa. Ko ina ne dai, a tafi da ɗan bututun ɗorin sanda, da faci, da rarar igiya. In an dawo gida a shanya shi ya bushe ƙarau kafin a naɗe, domin laima na narkar da shafen foliyuritan, ya yi danƙo da ɗoyi, ya riƙa saɓulewa daga jikin yadin.