Halittu da Muhallinsu: Bazuwa, Yawa da Zaman Tare

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin tafiya ta ƙasa daga Legas zuwa Agadas zai lura da yadda itatuwa ke sauyawa a gefen hanya. Da farko zai ratsa kurmi mai duhu da kwakwar manja. Idan ya matso arewa sai ya shiga dajin doka da ɗorawa da kaɗanya. Daga Kano zuwa Damagaram kuwa, kuka da gawo da aduwa ne za su cika masa ido, kafin ya tarar da rairayi da ƙayoyi. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Fannin ilimin da ke binciken dalilan wannan sauyi shi ake kira ilimin muhallin halittu, wato nazarin dangantakar da ke tsakanin masu rai da junansu, da kuma tsakaninsu da wurin da suke zaune. Wani masani Bajamushe, Ernst Haeckel, shi ne ya raɗa wa fannin suna a 1866. A wannan darasi za a duba ginshiƙansa guda uku: bazuwar jinsi, da jama'ar jinsi, da al'ummar halittu.

2.0 Bazuwar Jinsi

Abin da ake nufi da jinsi a nan shi ne rukunin halittu masu kama da juna waɗanda ke iya hayayyafa a tsakaninsu, kamar tumaki ko zabi ko gero. Bazuwar jinsi kuwa ita ce faɗin yankin da ake samun wannan jinsi a doron ƙasa.

Abubuwan da ke yi wa bazuwa iyaka iri biyu ne. Akwai marasa rai, kamar ruwan sama da zafi da irin ƙasa. Legas na samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, alhali na Agadas bai kai milimita 200 ba. Saboda haka itacen goro, mai son laima da inuwa, ya tsaya a kurmi, dabino kuma ya fi yin albarka a dausayoyin hamada. Wannan ne ya sa fataken Hausa na da suke yin tafiyar watanni zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, domin sayo goro.

Akwai kuma masu rai. Ƙudan tsando, wanda ke sa wa shanu sammore, yana buƙatar inuwa da laima. Domin haka ya daɗe yana hana shanu zama a kurmi duk da yalwar ciyawa. Makiyaya kan gangara kudu da rani, su koma arewa da damina lokacin da ƙudan ke yaɗuwa. Ɗan Adam ma yana sauya bazuwa. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro ko maina, asalinta daga yankin Indiya take. A zamanin mulkin mallaka aka yaɗa ta, amma a yau da wuya a sami garin Hausa da babu ita.

3.0 Jama'ar Jinsi

Idan aka ɗauki 'yan jinsi ɗaya da ke zaune a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, su ne ake kira jama'ar jinsi. Misali, dukkan tarwaɗar da ke cikin wani tafki jama'a ɗaya ce. Abubuwa huɗu ke sauya yawan jama'a: haihuwa da shigowa suna ƙara ta, mutuwa da ƙaura suna rage ta.

Babu jama'ar da ke ƙaruwa ba iyaka. Kowane wuri yana da adadin da zai iya ɗauka gwargwadon abinci da ruwa da mafakar da ke cikinsa. Makiyayi ya san haka sarai, domin idan shanu suka fi ƙarfin makiyaya sai ciyawa ta ƙare, shanu su rame, haihuwa ta ragu. Shi ma wannan adadi yana hawa yana sauka. A farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da kuma na 1984, makiyayar da ta saba ɗaukar garkuna masu yawa ta gaza, dabbobi suka yi ta mutuwa a Nijar da arewacin Nijeriya.

Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma misali ne mai kyau na yadda jama'a ke raguwa da yadda take farfaɗowa. A da ana samunsa daga Senegal har zuwa yankin Tafkin Cadi. Farauta da sarar daji da fari suka yi ta rage shi, har a 1996 aka ƙirga guda 49 kacal a yankin Kure, kudu maso gabas da Yamai. Da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai wajen kare shi, sai adadin ya haura 600 a 2017. A 2018 aka ɗebi guda 8 aka kai su gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, don kada annoba ɗaya ta shafe jinsin baki ɗaya.

4.0 Al'ummar Halittu

Al'ummar halittu ita ce dukkan jama'o'in jinsuna daban-daban da ke zaune tare a wuri ɗaya suna cuɗanya. Ba sai an je nesa ba, gonar gero ta isa misali. A cikinta gero da ciyawa suna gasar ruwa da haske. Ƙuduji yana manne wa saiwar gero yana shan abincinsa, kamar yadda kauci ke yi wa bishiya. Fara tana cin ganye, tsuntsu yana cin fara, shaho yana cin tsuntsu. Akwai kuma zaman amfanin juna. Wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwar wake suna samun abinci daga gare shi, su kuma suna samar masa da sinadarin naitirojin daga iska. Haka nan gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani kuma dabbobi su huta a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar taki a gindinsa.

Tun da halittun nan a sarƙe suke, taɓa ɗaya yana shafar saura. Abin da ya faru a dausayin Haɗeja da Nguru ya tabbatar da haka. A da, kogin Haɗeja kan yi ambaliya da damina, ya janye da rani. A kan wannan tsari kifi ke hayayyafa, manoma ke noman shinkafa da na rani, makiyaya ke samun ciyawa, tsuntsayen Turai kuma ke zuwa cin rani. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ambaliyar ta ragu, wasu magudanai kuma suka koma riƙe ruwa duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki da wuraren su, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da dawa. Ke nan, sauyi a tafiyar ruwa ya faɗaɗa bazuwar wata ciyawa, ya ƙara yawan wani tsuntsu, ya taɓa abincin jama'ar yankin.

5.0 Kammalawa

An ga cewa bazuwa tana amsa tambayar inda jinsi yake, jama'a tana amsa tambayar yawansa, al'umma kuma ta waɗanda yake zaune da su. Ya kamata malami mai jiran gado ya lura cewa yaran da zai koyar ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Sun san shamuwa na zuwa gab da damina, sun ga balbela na bin shanu. Aikinsa shi ne ya fara daga abin da suka sani, ya fitar da su harabar makaranta su ƙirga itatuwa, su ambaci sunayensu da Hausa, su tambayi dattawa waɗanne ne ake da su a da amma yanzu babu.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta jama'ar jinsi da al'ummar halittu tare da misalai daga garinku.
2. Kawo itatuwa biyar da suka yi ƙaranci a yankinku, ka bayyana dalili.
3. Tsara darasi na minti 40 a kan gawo domin 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare.