Gafara bayan gobarar 2015

Matafiyin da ya taso daga Kelle, cikin duwatsun Kutus, zuwa Damagaram, ta Gure yake bi. Garuruwan nan biyu suna cikin waɗanda wutar watan Janairu 2015 ta shafa. Ranar Juma'a 16 ga watan, masu zanga-zangar ƙin zanen batancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa suka ƙona majami'u a Damagaram; kashegari abin ya kai Yamai. Mutane 10 suka rasu. Shugaban ƙasa na lokacin, Issufu Mahamadu, ya ce masu wannan aiki ba su fahimci Musulunci ba.

Kiristoci da dama sun ce sun yafe, kuma wannan yafiya tana da tushe a addininsu. A wurinsu gafarar Allah alheri ce, kyauta ga mai zunubi da ya tuba, ba ladan aikinsa ba.

Ƴan kasuwa za su gane misalin da Yesu ya bayar a Linjilar Matiyu, sura 18. Sarki ya yafe wa bawansa bashin talanti 10.000, amma bawan ya jefa abokinsa kurkuku saboda dinari 100. Da sarki ya ji, sai ya hukunta shi. Wato wanda aka yafe wa babban bashi ba ya riƙe ƙarami.

Yafiya dai ta zuciya ce. Kare wuraren ibada da hukunta masu laifi kuwa suna wuyan hukuma.