Maganin Gara a Jikin Amya: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Duk wanda ya sayi amyar katako, ko doguwar nan ta Kenya mai sanduna a sama ko akwatin Langstroth, ba ya rasa masu ba shi shawara. Kafinta zai ce a jiƙa katakon da maganin gara tun kafin a buga ƙusa. Tsohon mai kiwon zuma zai ce kul, ko ɗigon fenti ya taɓa amya ƙudan zuma ba za su shiga ba. Wani kuma ya ce a shafe ta da baƙin mai, ga arha ga ƙarko. A cikin shawarwarin nan uku akwai wadda za ta iya ƙarar da ƙudan amya guda.

Ta kafinta ce. Shi rufin ɗaki ya saba yi, kuma a can maganarsa daidai take. Sai dai abin da ake sayarwa da sunan maganin gara maganin ƙwari ne, yawanci mai ɗauke da permethrin ko cypermethrin ko chlorpyrifos, alhali ƙudan zuma ma ƙwaro ne. An kuma haɗa waɗannan magunguna ne musamman don su daɗe a jikin katako. Saboda haka zancen da ake yi cewa a shanya amyar mako biyu gubar za ta fita ba shi da tushe. Warin ne ke gushewa, maganin yana nan. Gamalin 20 da wasu kafintoci suka saba gaurayawa da baƙin mai ya fi muni, domin lindane ne, wanda aka sa cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009.

An gwada wannan batu a aikace. A 1984 masu bincike biyu a Amurka, Kalnins da Detroy, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da amyoyin da aka sa wa magungunan katako iri-iri. Ƙudan da ke cikin katakon CCA, wato koren katakon nan da ake ɗura wa magani da matsin inji, an sami ƙarin gubar arsenik a jikinsu. Maganin pentachlorophenol kuwa ya ratsa har cikin zuma da kaki. An kuma danganta magungunan biyu da mutuwar ƙudan a lokacin hunturu. Daga ƙarshen 2003 Amurka ta daina amfani da CCA a yawancin katakon gidaje, pentachlorophenol kuma ya shiga jerin Stockholm a 2015. Tsofaffin katakon layin dogo da falwayar wuta, masu baƙin maiƙon creosote, su ma ba na amya ba ne, don warinsu yana bin zuma.

Amma wannan gwaji ya ƙaryata masu cewa kowane maganin katako guba ne ga ƙudan zuma. Copper naphthenate, wanda aikinsa na farko hana katako ruɓewa ne, bai nuna wata illa ta a zo a gani ba. Masu kiwo a ƙasashe da dama suna shafa shi, su bar katakon ya bushe sarai, ya sha iska makonni, kafin su zuba ƙudan.

Tsoron fenti ma ya wuce gona da iri. Fentin da aka shafa a bayan amya, aka bari ya bushe har wari ya fita, ba ya hana ƙudan shiga, kuma fari ko mai haske yana rage zafin rana, abin da ba ƙarami ba ne a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi. Abin lura shi ne wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, shi ya sa na ruwa da aka yi don waje ya fi kwanciyar hankali. Inda tsohon ya yi gaskiya shi ne cikin amya. Can ba a taɓa shi da komai: ba fenti, ba banish, ba mai. Ƙudan da kansu suke yi wa ɗakinsu shafe da danƙon da suke tarowa daga itatuwa. Wanda ya buɗe amyar da ta shekara zai ga bangon ya koma ruwan ƙasa yana sheƙi, an liƙe kowace kafa, sandunan saman sun manne har sai an sa wuƙa an ɓamɓare su. Abin da kawai ya dace mutum ya goga a ciki shi ne kakin zuma, don jawo ƙudan su tare.

Baƙin mai fa? Yana ɗauke da burbushin ƙarafa da ragowar ƙonewar inji, kaki kuma yana tsotse duk abin da ke narkewa cikin mai ya riƙe shi. Ƙudan na iya rayuwa, amma saƙar da za a matse a sayar wa mutane ta gurɓace. Wurinsa ƙafafun teburin da aka ɗora amya: a zuba kaɗan a gwangwani a tsoma kowace ƙafa, tururuwa da gara su rasa hanya. Sai a yi wa gwangwanin 'yar rumfa, in ba haka ba ƙudan ma za su riƙa faɗawa.

A Ostireliya da New Zealand manyan masu kiwo kan tsoma akwatunan cikin narkakken kakin farafin mai zafin digiri 150 zuwa 160 na kimanin minti 10. Zafin yana korar danshi, kaki ya maye gurbinsa, akwati ya yi shekaru. Hanya ce mai kyau, amma kaki a wannan zafi yana kama wuta, ba aikin murhun tsakar gida ba ne.

Masu neman katako mai sauƙin kuɗi daga akwatunan kayan da aka shigo da su daga waje su duba hatimin da ke jiki. HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuma hayaƙin methyl bromide aka yi masa. Na farkon ake ɗauka, in babu alamar wani sinadari ya zube a kai. Gara kuwa daga ƙasa take hawowa, ruɓa kuma daga danshi. Amyar da aka yi da busasshen katako mai ƙwari irin iroko, aka ɗora a teburin ƙarfe, aka yi mata murfin kwano mai baki da ke zubar da ruwan damina nesa da bango, ba ta bukatar maganin gara ko kaɗan.