Daga Paga Zuwa Mayanka: Dokar Ciwon Dabbobi Da Mu Mutanen Zango

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Mayanka a Kaase ya san yadda wurin yake kafin rana ta ɗaga. Manyan motoci sun kwana bisa hanya, sun taso daga Paga ko Bawku, sun ratsa Bolgatanga da Tamale da Kintampo da Techiman, ga shanu ana saukewa, wasu sun galabaita da ƙyar suke tsayuwa. Dillalai na ta ciniki, mahauta na jiran nasu, masu tsire da cincinga na jiran mahauta, matanmu masu tuwo da wake da shinkafa a Aboabo da Asawase da Sabon Zango su kuma suna jiran a kawo nama. Mutum nawa ne cikinmu abincinsa bai rataya ga wannan kasuwa ba? Amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa akwai wata doka da za ta iya tsayar da wannan harka duka cikin yini guda.

An ga haka a watan Yuni na 2023. Cutar antiraks, wadda wasu makiyayanmu ke kira ciwon saifa, ta ɓulla a Yankin Gabas ta Sama, a gundumomi irin su Binduri da Talensi da Bawku ta Yamma. Dabbobi suka mutu, mutum ɗaya ya rasu a Binduri, wasu suka kwanta, an kuma danganta abin da cin naman saniyar da ta mutu. Hukumar yankin ta sa dokar hana zirga-zirgar shanu da tumaki da awaki, da yanka su, da sayar da namansu, har tsawon wata guda, aka kuma shiga yi wa dabbobi allura. To, Babbar Salla ta wannan shekara ta faɗo ranar 28 ga Yuni. Wanda ya san cewa hanyar Paga ce babbar ƙofar da ragunan Burkina Faso da Nijar ke shigowa ta cikinta, ya san irin halin da fatake da masu niyyar layya suka shiga. Mu nan Kumasi ba a rufe mana kasuwa ba, amma idan aka toshe rafi daga sama, na ƙasa ma sai ya ji a jikinsa.

Dokar da aka dogara da ita a irin wannan hali ita ce Dokar Cututtukan Dabbobi ta 1961, wato Doka ta 83. An yi ta zamanin Kwame Nkrumah, tun ana kashe fam da sule, domin sidi bai fito ba sai 1965. Gundarinta ba shi da wuyar fahimta. Wanda dabbarsa ta kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, ko yana zaton ta kamu, wajibi ne ya ware ta daga sauran, ya kuma sanar da hukumar dabbobi. Gwamnati na da ikon ta ayyana wani yanki a matsayin wurin da cuta ta shiga, daga nan ba dabbar da za ta fita ko ta shiga sai da izini. Likitan dabbobi na da ikon ya duba garke, ya yi allura, ya tsare, in ta kama ya sa a kashe. Akwai wata tsohuwar doka ta 1952, ta zamanin Turawa, kan shigo da dabbobi daga ƙasashen waje, sai ta 1992 da ta tsara aikin likitocin dabbobi, da Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 wadda ta shafi nama da mayanka. Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi, a ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona, ita ce mai zartarwa.

Kada wani ya ɗauka Turawa sun ƙago wannan don su wahalar da fatake. Kakanninmu sun ga abin da ya sa. Wajen 1890 zuwa 1891 cutar bushiya ta ratso daga gabashin Afirka ta shigo ƙasar Hausa da Barno da sauran ƙasashen Sudan, ta share shanu har wasu Fulani suka wayi gari ba su da ko ɗan maraƙi. A lokacin Salaga tana cikin manyan kasuwannin da ake kawo shanu da tumaki daga arewa a koma da goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watse, da yawa suka gangaro kurmi, kuma bayan Turawa sun ci Asante zangon Kumasi ya cika ya bunƙasa. Cinikin shanu ya biyo su, bushiya ma ta biyo shanu. Don haka ne gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar dabbobi a Pong-Tamale, arewa da Tamale, inda a shekarun 1930 aka riƙa yi wa shanu rigakafi, aka kuma sa wuraren tsare dabbobi a bakin iyaka, inda garke zai yi kwanaki ana dubawa kafin a bar shi ya kama hanyar kudu da ƙafa. Tsofaffin mahautanmu sun ji labarin wannan tafiya daga bakin iyayensu.

Bushiya ce ma ta haifi hukumar lafiyar dabbobi ta duniya. A 1920 wasu shanu da aka ɗauko daga Indiya za a kai Barazil suka yada zango a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, cutar ta ɓarke a Beljiyam, hankalin Turai ya tashi, aka kafa hukumar a Faris a 1924. A nan Afirka an yi babban gangamin allura daga 1962 zuwa 1976, cutar ta lafa, gwamnatoci suka saki jiki, sai ga ta ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa a Nijeriya. Aka sake ɗaura ɗamara a 1986. A Ghana an ga ta ƙarshe a 1988, a duniya kuma a Kenya a 2001, sannan a 2011 aka yi shelar cewa ta ƙare ƙurmus. Yaranmu na yau ba su san sunanta ba ma. Abin da ya kashe ta kuwa shi ne abin nan da muke ƙorafi a kansa: tilasta allura, da tsare garke a iyaka, da hana tafiya.

To, ina matsalar take? Matsalar tana wurin da doka ta ce ka kawo rahoto, aljihu kuma ya ce ka yi shiru. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Sa guda dukiya ce, wani jarinsa ke nan kaf. In ya ga san ya fara rawar jiki, abin da ke fara zuwa zuciyarsa shi ne a kawo wuƙa kafin ya zama mushe, a sayar da naman ko da rabin kuɗi. Ta fuskar yanka ya fita, tunda an ambaci sunan Allah da sauran rai. Amma ciwon saifa bai san wannan ba. Ƙwayar cutar tana cikin jinin, kuma da zarar an buɗe cikin dabbar iska ta taɓa ta, sai ta rikiɗe ta yi wa kanta ɓawo, ta zauna cikin ƙasa shekaru da dama tana jiran wata dabbar ta zo kiwo. Mai fiɗa yana iya kamuwa ta ƙaramin rauni a hannu, mai jima ta fata, mai ci ta hanji. Alamarta ita ce mutuwar farat ɗaya, da baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko ta baki ko ta dubura. Irin wannan gawa ba a fiɗe ta, ba a jan ta a ƙasa, ƙone ta ake yi ko a binne ta da zurfi a gaban ma'aikacin dabbobi. Malamanmu kuma sun sha faɗa mana cewa dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta isa layya ba, balle wadda za ta kai iyali asibiti.

Sai dai wa'azi kaɗai ba ya sa mutum ya kai ƙarar kansa. Abin da ke sa shi shi ne ya tabbata in an kashe masa dabba za a biya shi, kuma za a biya da wuri. Masu kiwon kaji sun fi kowa sanin wannan. Murar tsuntsaye ta fara shigowa Ghana a 2007, a wajen Tema, sannan Sunyani da Aflao. Ta dawo a 2015, ta kuma dawo a Yulin 2021, lokacin da aka hana fitar da kaji daga yankunan Ankara da Tsakiya da Volta, aka kuma hana shigo da su daga wasu ƙasashe maƙwabta. An kashe kaji masu yawa bisa umurnin hukuma, kuma masu gonaki sun daɗe suna kuka a jaridu kan jinkirin biyan diyya. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya kai rahoto ya zauna shekara yana jiran kuɗi, in tasa ta same shi cikin dare zai loda kajin ya kai kasuwa. Ta haka cutar ke hawa mota. Yankin Asante kuwa yana cikin manyan wuraren kiwon kaji a ƙasar nan, kuma da yawa cikin masu sayar da kaji masu rai da masu fige su 'yan Zango ne.

An daɗe ana maganar sabuwar dokar lafiyar dabbobi da za ta maye gurbin ta 1961, an kuma zana daftari. Likitocin dabbobi sun sha cewa tsohuwar ba ta san zamanin tirela da manyan gonakin kaji da maganin da ake saye a kasuwa ba tare da takardar likita ba. Nijeriya ta sabunta tata a 2022, ta ajiye dokar soja ta 1988. A ganinmu duk dokar da za a yi, abu uku ne za su nuna ko za ta yi aiki a Mayanka. Na farko asusun diyya tsayayye, mai wa'adin biya a rubuce, ba sai an jira majalisar ministoci ta zauna ba. Na biyu ma'aikata, domin doka ba ta duba saniya, mutum ne ke dubawa, kuma tun gyare-gyaren tattalin arziki na shekarun 1980 da 1990, da aka rage ɗaukar ma'aikata aka fara karɓar kuɗin magani daga masu dabbobi, ƙauyuka da yawa suka yi nisa da malamin dabbobi. Na uku, kuma shi ya fi damun mu, a zauna da masu sana'ar. Sarkin Fawa da shugabannin dillalai da ardo-ardon Fulani sun san wace mota ta bi ta bayan gari, sun san garken wane ne ke tari. Ana rubuta daftari da Turanci a Ankara, ana taro a otal, mutumin da ya shekara arba'in da wuƙa a hannu ba wanda ya karanta masa da Hausa ko Dagbani ko Fulatanci. Laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne. Mu ma ba mu cika aika wakili ba sai an rufe kasuwa, sannan mu tashi da gayya.

Akwai kuma batun iyaka. Tun 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince cewa makiyayin da zai ƙetara da garkensa ya riƙe takardar shaida mai nuna yawan dabbobin, da allurar da aka yi musu, da hanyar da zai bi. A Paga akwai wurin duba dabbobi, kuma motar da za ta gangaro kudu ana ba ta takardar izinin tafiya. Amma iyakar arewa doguwa ce, hanyoyin daji sun fi ƙofofin hukuma yawa, rikicin da ake yi a Burkina Faso kuma ya kori makiyaya da yawa daga wuraren da suka saba, wasu garken sun yi shekaru ba su ga allura ba. Ciwon huhu na shanu da ciwon baki da kofato ba su san Paga ba, ba su san Hamile ba. Wata guda bayan abin da ya faru a Binduri, a Yulin 2023, aka tabbatar da ciwon saifa a wata gona a Suleja ta Nijeriya.

Mu da ke cikin gari muna da namu rabon. Kusan kowane gida a Zango akwai akuya ko tunkiya a ɗaure, wasu kuma suna yawo a kwata. Akwai wata annoba ta awaki da tumaki, ƙanwar bushiya ce, mai sa zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda aka fara ganewa a Kwaddibuwa a 1942. A taron Abijan na 2015 ƙasashen duniya suka ɗau alkawarin kawar da ita nan da 2030. Allura ɗaya tana kare dabba shekaru, amma in ma'aikata suka zo unguwa sai wasu su ɓoye awakinsu, wai kada a ƙidaya a sa musu haraji. Ragon da aka sayo daga mota jiya kuma a haɗa shi da na gida yau, alhali kamata ya yi a ɗaure shi gefe guda na wasu kwanaki a ga lafiyarsa.

Haka nan batun yanka a bayan gida don sayarwa. A mayankar Kaase akwai masu duba dabba kafin yanka, su kuma duba huhu da hanta bayan an fiɗe, domin tarin fuka na shanu sau da yawa ba a ganinsa sai an buɗe. Naman da ya wuce ana buga masa hatimi, wanda bai wuce ba a hana shi fita. Mun san kuɗin yanka da na mota suna cin riba, mun kuma san haushin mahaucin da aka ƙwace wa hanta. Amma mai sayen nama a kasuwar Asawase ko Aboabo yana da damar ya tambayi inda aka yanka, ya kuma nemi ganin hatimin. Wanda kuma dabbarsa ta faɗi ta mutu ba ciwo ba jinya, kada ya taɓa ta da wuƙa. Ya kori yara da karnuka daga wurin, ya rufe ta, ya aika ofishin aikin gona na gundumarsa a kira malamin dabbobi, in bai san wurin ba ya tambayi Sarkin Fawa ko ɗan majalisar unguwarsa.