Wahaya: Doka Ba Ta Zuwa Gida da Ƙafarta

A ƙasar Ƙonni da Illela da Madawa an daɗe da sanin wahaya. Yarinya ce daga zuriyar bayi, wadda mai hali ke saya bayan ya cika mata huɗu. Babu sadaki, babu ɗaurin aure, babu gado. Daka nata ne, ɗibar ruwa da kiwo nata ne, kuma maigida ya neme ta duk daren da ya ga dama.

Tun 2003 dokar Nijar ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga duk wanda ya bautar da mutum, amma sai da wata wahaya mai suna Hadijatou Mani ta tashi tsaye kafin dokar ta yi aiki a idon jama'a. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan sefa dubu 240. A 2005 ubangijinta ya ba ta takardar 'yanci, sai dai ya ce har yanzu matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ya kai ta ƙara, kotun Ƙonni ta yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure kan aure.

Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda aka kafa a 1991, ita ta tsaya mata har gaban kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce Nijar ta gaza kare 'yar ƙasarta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2014 kuma, a Ƙonnin nan, aka ɗaure wani magidanci shekara 4 saboda ajiye wahaya.

Haka abin ya kasance a Amurka. An haramta bauta a 1865, amma baƙar fata suka ci gaba da shan wariya kusan shekara ɗari, har su Martin Luther King suka haɗa kan jama'a aka kafa dokar daidaita 'yan ƙasa a 1964.

Wahaya ba ta san hanyar kotu ba, kuma tsoro ya ɗaure mata baki. Saboda haka nauyin yana kan maƙwabci da maigari da liman, waɗanda suka san gidan da take. Duk wanda ya sani ya kai magana ga hukuma ko ga masu kare haƙƙin ɗan Adam, domin da shirun maƙwabta wannan ciniki yake rayuwa.