Ko Kun Sani? Jinin da Ke Ceton Zuciya Yana Iya Yi Mata Rauni

Idan jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini ta toshe, ƙwayoyin wurin sukan fara mutuwa cikin mintuna 20 zuwa 30, don haka likita ke gaggawar buɗe ta. Abin mamakin shi ne, dawowar jinin kanta tana kashe wasu ƙwayoyin, kamar yadda ruwan farko mai ƙarfi ke zaizaye busasshiyar ƙasa a kwarin Dallol Bosso. Iskar oksijin da ta kwararo gaba ɗaya tana haifar da sinadarai masu ɓarna, kalsiyam ya cika ƙwaya, sai mitokondiriya, wato ma'aikatar ƙarfinta, ta kumbura ta fashe.

A 1986, Murry da Jennings da Reimer na Jami'ar Duke a Amurka suka toshe jijiyar zuciyar karnuka na minti 5, suka saki, har sau huɗu, kafin doguwar toshewa ta minti 40. Naman da ya mutu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wanda aka saba gani ba. Zuciyar ta samu horo ke nan.

An gwada hakan a mutane ta hanyar hura abin awon hawan jini a dantse don tsayar da jini na ɗan lokaci, amma babban gwajin Turai na 2019 bai nuna ya rage mace-mace ba.

Don haka gaggawar buɗe jijiya ce mafita, kuma ga mutanen Bonkuku a Imanan da na Filinge, mai nisan kusan kilomita 180 daga Yamai, a hanya ake asarar tsokar zuciya. Ciwon ƙirji mai matsewa, da gumi, da tsami a hannun hagu, ba a jira wayewar gari da shi. A nufi asibiti nan take.