FASHIN BAƘI: Meshack Asare, marubucin da ke zana littattafan yara da hannunsa

A shekarar 2015 aka bai wa wani ɗan ƙasar Ghana mai suna Meshack Asare kyautar NSK Neustadt ta adabin yara, wadda mujallar World Literature Today ta Jami'ar Oklahoma da ke Amurka ke shiryawa. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu wannan kyauta. Abin da ya kai shi nan kuwa wasu 'yan littattafai ne marasa kauri, waɗanda babba zai karance cikin minti goma, amma yaro ya shafe mako yana juya su.

An haifi Asare a 1945 a garin Nyankumasi. Ya yi karatun zane a Kumasi, sannan ya koyar a makarantu fiye da shekara goma. A wancan zamani yawancin littattafan da ke hannun ɗalibai a Afirka ta Yamma daga Ingila ake shigo da su, yaran da ke cikinsu kuma ba su yi kama da masu karanta su ba, ba a fuska ba, ba a sutura ba. A 1970 ya fitar da Tawia Goes to Sea, labarin wani yaron bakin teku da ke ƙera 'yan jiragen wasa, yana ƙwaɗayin bin masunta cikin ruwa.

Irin wannan littafi ya bambanta da littafin labari da aka yi wa ado da hoto nan da can. A cikinsa zanen ne ke ɗauke da rabin labarin, wani lokaci ma fiye. Kalmomin shafi ba su wuce jimla biyu ko uku ba. Tsoron da ke fuskar yaro, ko hadarin da ke tasowa a bayansa, ido ne ke karanta su. Shi ya sa yaron da bai iya haɗa baƙi ba ke iya bin labarin tun daga bango har bango. Idan marubucin shi ne mai zanen, kamar Asare, to shi ke yanke abin da za a faɗa da abin da za a bar wa ido.

Bayan wannan littafi sai aka yi kusan shekara goma ba a ji ɗuriyarsa ba. Shekarun sun zo daidai da lokacin da tattalin arzikin Ghana ya durƙushe, takarda da tawada suka yi wuyar samu. Ya dawo a 1981 da The Brassman's Secret, wanda ya ci kyautar Noma ta 1982, kyautar da aka keɓe wa littattafan da aka buga a cikin Afirka. Labarin Kwajo ne, ɗan maƙerin tagulla, wanda ke taya mahaifinsa zubin ƙananan ma'aunan da Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, suke awon zinari da su, har ɗaya daga cikin ma'aunan ya ja shi zuwa zamanin kakanninsa.

Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga mutanen kudancin Kano. Daga dazuzzukanta ne goron da fatake ke zuwa saye a Gwanja yake fitowa, Bebeji kuma zango ne babba a kan hanyar ayari. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, wanda fataucin goro ya kai har Kumasi da Accra tun yana matashi. Tafiyar yaro a cikin ayari, da jakuna, da madugu, da tsallake koguna, irin kayan da Asare ke gina littafi a kai ne.

Littafin da ya fi ɗaga sunansa shi ne Sosu's Call na 1997, wanda kamfanin Sub-Saharan Publishers na Accra ya buga. Sosu yaro ne da ba ya iya tafiya, yana zaune a wani ƙauye tsakanin teku da tafki, wasu mutanen garin na ganin fitowarsa a matsayin rashin sa'a. Wata rana manya sun tafi gona da kamun kifi, sai ruwa ya taso zai cinye garin. Sosu ya ja jiki, karensa na tare da shi, har inda ake ajiye ganguna, ya yi ta kiɗa har mutane suka rugo. Littafin ya ci kyautar UNESCO ta 1999. A jihar da cutar shan inna ta bar yara da yawa a kan keken guragu kafin a tabbatar da kawar da ita daga Najeriya a 2020, labarin Sosu ba ya buƙatar dogon sharhi.

Hausa ba ta rasa masu rubuta wa yara ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fito a Zariya tun ƙarshen shekarun 1930, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Sai dai a al'adar ɗab'in Hausa sunan marubuci ake riƙewa, mai zane kuwa ɗan rakiya ne. Kasuwar littattafan Kano da ta bunƙasa daga shekarun 1980 ta karkata ga labaran manya, kuma dalilin a fili yake: bugu mai launi a kan takarda mai kauri yana cin kuɗi ninkin-ba-ninkin, uban da ke fama da kuɗin takin zamani a Kiru ko Doguwa kuwa da wuya ya sayi littafi mai shafi talatin. Galibin littattafan Hausa masu zane da suka isa azuzuwan firamare a 'yan shekarun nan ta hannun shirye-shiryen tallafi suka zo, irin su Mu Karanta a jihohin Sakkwato da Bauchi, kuma irin wannan bugu yakan tsaya ne ranar da kuɗin shirin suka ƙare.

Shi kansa Asare bai ci gaba da zama a gida ba. Ya koma Landan a farkon shekarun 1980, ya yi digiri na biyu a fannin nazarin al'ummomi, daga baya ya zauna a Jamus. Amma littattafansa da dama a Accra aka ci gaba da buga su.